Wane ne ya harbi ɗana: zanzaro, rina, ko baƙin nan mai huda katako?

Baban Yara ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san ƙwari ya raba mu gardama ni da maiɗakina.

A bayan ɗakinmu akwai wata rumfa ta katako da kwano inda nake ajiye kayan aiki. Ranar Asabar ɗana mai shekara 7 yana buga ƙwallo, ta faɗa cikin rumfar, ya shiga ɗaukowa, sai muka ji ihu. Ya fito riƙe da kunne. Kafin a jima kunnen ya kumbura ya yi jajir. Harbi biyu ne, ɗaya a bayan kunne, ɗaya a wuya, kuma na duba ban ga ƙari a fatar ba. Na tambaye shi me ya harbe shi, ya ce "wani abu mai tashi". Iyakar bayanin da na samu ke nan.

Na shiga rumfar raina a ɓace. Abin da na fara gani gidajen laka ne guda huɗu manne a bango, a jere kamar yatsun hannu. Na sa sanda na farfasa su. Abin da ya zubo ya ba ni mamaki: ƙananan gizo-gizo ne, sun fi 10 a ɗaki ɗaya, su ba matattu ba, su ba rayayyu ba, in ka taɓa ɗaya sai ƙafarsa ta ɗan motsa. Akwai kuma wata farar tsutsa a tsakaninsu. Ina nan tsaye mai gidan ta dawo, baƙa ce mai ƙafafu ruwan ɗorawa, ƙugunta kamar zare. Ta yi ta kewaya inda gidan yake tana nema, ni ko kallo ban ishe ta ba. Nan jikina ya yi sanyi, na ce anya wannan ce?

Da na ɗaga kai sai na ga wasu abubuwa biyu. A jikin katakon da ke riƙe da rufin akwai ramuka uku, zagayayyu sumul kamar an huda da injin kafinta, ɗan yatsana ƙarami yana shiga, ga garin katako ya taru a ƙasa. Wani ƙaton ƙwaro baƙi mai sheƙi yana shiga yana fita, ƙararsa kamar ƙaramin janareta. Wani kuma mai kama da shi ya zo ya tsaya cak a iska daidai fuskata, sai da na ja da baya. Sannan can ƙarƙashin kwano, a lungu, akwai wani abu ruwan toka mai ramuka-ramuka kamar saƙar zuma, bai kai tafin hannuna ba, yana rataye da ɗan siririn wuya, da wasu jajayen ƙwari dogaye kusan 8 zaune a kai.

Maiɗakina ta ce wannan ƙaton baƙin ne, don shi ya fi kowa girma da tsiwa. Ni har yanzu ina zargin mai laka. Su wane ne waɗannan, kuma wa zan kora wa zan bari?

Tsohon Mai Amya ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya. Malam, ka bar jaki ka daki taiki. Kai da uwargida duk kun faɗi, mai laifin na nan a lungun kwano tana kallonku.

Na daɗe ina kiwon zuma, kuma abin da na koya shi ne launi ba ya gaya maka komai. Baƙi da rawaya tufafi ne da kowa ke ara. Ka dubi gida, ka dubi abin da ƙwaron ke ɗauka yana kaiwa gidan, ka ƙirga ko shi kaɗai ne ko taro ne. Wannan na ƙarshen shi ya fi muhimmanci a wajen harbi. Mai zama shi kaɗai ba shi da rundunar da zai tura, in ya mutu a faɗa gidansa ya mutu, don haka gudu ya fi masa. Masu zama a taro su ne ke da masu gadi.

Mai laka zanzaro ce, ita masana ke kira Sceliphron. Uwa ɗaya ce tal ke gina wannan gidan. Takan je bakin ruwa ta dunƙula laka da baki, ta kawo ta shafa, in ka kasa kunne lokacin da take shafawa za ka ji wani siririn zuuu, da girgizar jikinta take baje lakar. In ɗaki ya kammala sai ta fita farautar gizo-gizo. Ba ta kashe shi, harbinsa take yi ya shanye, ta cusa a ɗakin, ta sa ƙwai ɗaya, ta cika ɗakin da wasu, ta toshe. Dalilin da ya sa ba ta kashewa, mataccen nama ruɓewa yake yi, shanyayye kuwa yana nan sabo har tsutsar ta ƙyanƙyashe ta cinye. Farar tsutsar da ka gani 'yarta ce. Dafinta don farautar gizo-gizo ne, ba ta ɓarnatar da shi a kan mutum sai in an matse ta a hannu. Kai da kanka shaida ne: ka rushe mata gida tana gani, me ta yi maka?

Baƙin mai huda katako ba rina ba ne ko kaɗan, dangin ƙudan zuma ne, sunansa Xylocopa, kuma irinsa sun kai kusan 500 a duniya. Ba cin katakon yake yi ba, shi ya sa ka ga garin a ƙasa. Macen ke hudawa da haƙora, ta shiga kaɗan sai ta karya kwana ta bi tsawon katakon, ta raba ramin ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki ta ajiye dunƙulen garin fure da ruwan zaƙinsa ta sa ƙwai a kai. Wanda ya zo ya tsaya maka a fuska kuwa, ina kyautata zaton namijin ne, aikinsa ke nan gadin fili da burga. Ba shi da ƙari kwata-kwata. A duk dangin zuma da rina ƙari na mace ne, domin asalinsa kayan saka ƙwai ne ya rikiɗe ya zama makami. Macen tana da shi amma sai ka kama ta ko ka toshe mata rami da yatsa, wanda na ga ka kusa yi. Kada ka sake sa yatsa a ramin nan.

Saura 'yan lungun kwano. Wannan ita ce rina. Gidan ba na kaki ba ne kamar na zuma, takarda ce: suna kankare busasshen itace da baki, su tauna da miyau, su shimfiɗa. Ramukan suna kallon ƙasa a buɗe, in ka leƙa daga nesa za ka ga wasu da fararen murafe, 'ya'yan da suka kusa fitowa ke ciki. Su taro ne, suna da abin karewa, kuma abin da suka fi tsana shi ne a girgiza musu gida. Ƙwallo ta daki kwano ko katako, yaro ya shigo da gudu a bayanta, ai magana ta ƙare.

Rashin ƙari a fata ma ya nuna hakan. Ƙarin ƙudan zuma yana da ƙayoyi kamar ƙugiya, in ya shiga fatar mutum ba ya fita, sai ya tsinke da jakar dafin, ita kuma ta je ta mutu. Na rina sumul yake, ta harba ta zare ta sake harbawa. Harbi biyu kusa da juna babu ƙari, ban ga wanda zan ɗora wa ba sai ita.

Tun da yara na shiga rumfar, cire gidan rinar ya zama dole. Ka bari sai dare ko da asuba lokacin da suke duk a gida kuma jikinsu a mace, ka rufe jikinka har wuya da hannu, ka ajiye fitila a gefe nesa da kai don haske suke bi. Ban da fetur da ashana, rumfar katako ce.

Uwar Lambu ta rubuta:

Baba Mai Amya ya gama magana a kan ukun nan. Ni ƙarin da zan yi na waɗanda ake kashewa a banza ne.

Shekara biyu ina fama da wani abu da ke yanke min ganyen furanni. Ba cin tsutsa ba ne mai kaca-kaca, yanka ne mai kyau, zagaye ko rabin zagaye daga bakin ganye, kamar an sa almakashi. Na yi ta fesa magani. Ranar da na kama ɓarawon ina zaune da safe, sai ga wata 'yar ƙudan zuma mai kauri, ba ta kai ta amya tsawo ba, ta sauka a bakin ganye, ta juya jikinta tana yanka, cikin 'yan daƙiƙoƙi ta naɗe guntun a tsakanin ƙafafunta ta tashi da shi. Na bi ta da ido har ta shige wani tsohon bututun ƙarfe da aka jingina a bango. Daga baya na gane ita ce masana ke kira Megachile, da ganyen take lulluɓe ɗakunan 'ya'yanta. Alamarta mai sauƙi ce: ƙudan zuman amya a ƙafafun baya take ɗaukar garin fure, za ka ga dunƙule biyu kamar ta sa wando mai aljihu, ita kuwa wannan a ƙarƙashin ciki take ɗauka, cikinta ya yi rawaya kamar an shafa mata hoda. Shukar ba ta mutuwa don an yanke mata ɗan ganye. Tun ranar na ajiye maganin.

Na biyu, akwai wanda ba zuma ba ne ba rina ba, ƙuda ne kawai ya sa rigar masu harbi. Yana da ratsin baƙi da rawaya, yana tsayawa a iska wuri ɗaya sannan ya fizga gefe. Kama da wane ba ta wane. Ku dubi kansa: idanu manya sun kusa cinye kan duka, 'yan ƙahonnin kansa gajeru ne ƙwarai, fukafukansa biyu ne kacal, zuma da rina kuwa huɗu gare su. Ba shi da ƙari, kuma tsutsotsin da yawa daga cikinsu su ke cinye ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye. Jikata ta fi ni saurin gane shi yanzu, da ido take fara dubawa.

Baban Yara ya rubuta:

Na gode Baba, na gode Hajiya. Na karanta wa maiɗakina, ta ce to ai ni ma ban ci ba, kada in yi mata dariya.

Ɗazu na koma na tsaya daga bakin ƙofa na kalli rinar da kyau. In suna tashi ƙafafunsu na baya suna reto a ƙasa, in sun sauka kuma fukafukan sai su tsuke su zama kamar tsinke biyu. Ɗaya ta dawo da wani koren abu a baki, wasu biyu suka zo suka karɓa. Na kuma lura duk sanda na motsa sai su juyo gaba ɗaya su fuskance ni su ɗaga fukafukai. Ban jira na ga abin da ke biye ba.

Amma Baba, akwai rina a kaba. A bayan tagar rumfar na sami wani gidan laka dabam, shi ba dogo ba ne, kamar ɗan tulu ne mai wuya da baki. Shi ma na zanzaro ne? Sannan katakon rufin fa, in na bar baƙin nan ba zai kayar min da rumfa ba?

Ɗalibin Ƙwari ya rubuta:

Sallama ga kowa. Baba Mai Amya, a yi min afuwa zan ɗan sa baki, fannin da nake karantawa ke nan.

Ɗan tulun na wata ce dabam, ko da yake a baki duk zanzaro muke ce musu. Mai ginin tulu ta fi kusa da rina a dangantaka fiye da mai jera ɗakuna, kuma shaidar tana jikin abin da Baban Yara ya gani da idonsa: ita ma in ta sauka tana ninke fukafukanta a tsaye su tsuke, Sceliphron kuwa shimfiɗa su take yi a bayanta. Abincin ma ya bambanta. Mai tulu tsutsar malam-buɗe-littafi da makamantanta take tarawa, ba gizo-gizo ba, kuma da yawansu sukan rataye ƙwan da siririn zare daga rufin tulun. Ita ma ita kaɗai take zama, ba ruwanta da kowa. Mutane sun daɗe suna ganin tana shiga da tsutsa sannan zanzaro ya fito, sai suka ɗauka tsutsar ce take mayarwa ɗanta. A China ma an yi wannan zaton tsawon ƙarnoni, har wani masani Tao Hongjing, wanda ya rasu a shekarar 536, ya buɗe gidan ya ga ƙwan nata a ciki.

Koren abin da rinar ta kawo kuwa naman tsutsa ne da ta tauna, shi suke ba 'ya'yansu. Nan ne babban bambancin dangin biyu yake: zuma da garin fure take renon 'ya'ya, rina da nama. Shi ya sa jikin zuma ke da gashi buzu-buzu don garin ya maƙale, rina kuwa sumul. Kuma shi ya sa gidan rina da ke nesa da hanyar mutane bai kamata a taɓa shi ba, maganin tsutsar gona ne na kyauta. Juyowar da suka yi suka ɗaga fukafukai gargaɗi ne, kuma ka yi daidai da ka karɓa.

Inda zan ɗan saba da Baba shi ne maganar launi. Gaskiya ne ba a dogara da shi wajen raba zuma da rina, amma in an riga an san dangi yana taimakawa. A wasu irin Xylocopa macen baƙa ce mai ratsin rawaya, namijin kuwa rawaya ne gaba ɗaya, har mutum ya rantse ƙwari biyu ne dabam. A wasu kuma namijin yana da farin tabo a goshi. Akwai kuma 'yar ƙarama koriya shar mai walƙiya kamar ƙarfe da za ka gani tana sintiri a jikin gidajen laka. Wannan ba ta gini, ƙwanta take sakawa a gidan wasu, in an kama ta sai ta dunƙule kamar ƙwallo.

Mutane da yawa ba su san yawan dangin nan ba. Irin ƙudan zuma da aka sani sun haura 20,000, masu yin saƙa da zuma irin ta amya, wato Apis, ba su kai 12 ba a ciki. Galibin sauran kowace uwa ita kaɗai take zama, a ramin ƙasa ko a itace ko a kara. Akwai kuma ƙananan nan marasa harbi na ƙasashe masu zafi, masu son sauka a kan gumi, waɗanda ƙofar gidansu ɗan bututu ne na kaki da ƙaro a jikin kogon itace ko tsagar bango, zumarsu kuma a 'yan tukwane suke zubawa ba a saƙa ba.

Game da zafin harbi, wani masani ɗan Amurka, Justin Schmidt, ya jera su daga 1 zuwa 4 bisa harbin da shi kansa ya sha. Zanzaro mai laka tana mataki na 1, ƙudan zuma na 2, wasu irin rina mai gidan takarda sun kai 3. Don haka ihun yaron yana da hujja.

Wani abu kuma ga kowa: kumburi da ja a wurin harbi ba abin tsoro ba ne, a wanke a sa ƙanƙara ko tsumma mai sanyi. Amma in aka ga leɓe ko harshe ko fuska na kumbura alhali ba nan aka harba ba, ko numfashi na sarƙewa, ko jiri, ko ƙuraje sun feso a duk jiki, asibiti nan take, allurar adirenalin ake buƙata kuma mintoci ne a tsakani. Haka in harbin a cikin baki ne ko maƙogwaro.

Tsohon Mai Amya ya rubuta:

Ɗana, ba afuwar da za a yi, ka ƙara ni. Ban taɓa sanin mai tulu da mai jera ɗakuna ba gida ɗaya suka fito ba, gobe zan je in kalli fukafukan da kaina.

Maganar katako ta rage. Rami uku ba za su kayar da rumfa ba, Malam. Matsalar ita ce suna son komawa tsohon rami, shekara bayan shekara suna ƙara masa tsawo da rassa, kuma 'ya'yan sukan huda kusa da inda aka haife su. In katakon siriri ne kuma shi ke ɗauke da nauyin rufi, bayan wasu shekaru zai yi rauni. Ka ƙwanƙwasa shi da guduma a hankali, in ka ji yana amsawa kamar ganga a wuri mai tsawo to an ci cikinsa. Kada ka toshe ramin da mai shi a ciki, hudowa za ta yi ta wani gefen ka sami rami huɗu. Ka jira sai ka ga kwanaki babu shiga babu fita kuma garin ya daina zuba, ka cusa guntun itace da gam, ka yi wa katakon fenti duka, don busasshen katako marar fenti suka fi so. Ni nakan jingina musu wani tsohon gungume mai laushi a can gefe, su ƙarata da shi.

Zanzaro kuwa in ta dawo ka ƙyale ta. Abu ɗaya za ka kiyaye mata: tana son rami da bututu. Duk injin da ka ajiye a rumfar nan ka toshe masa hanci da tsumma, in ba haka ba ranar da ka zo tayarwa za ka tarar da laka a ciki.

Baban Yara ya rubuta:

An cire gidan rinar yau da asuba, ba wanda aka harba. Na sa kwat da safar hannu da hular sanyi, maiɗakina na riƙe da fitila daga nesa tana ba da umarni. Kunnen yaro ya sace.

Zanzaron ta riga ta fara sabon gini, ɗan sama da inda na fasa, ɗaki ɗaya ya kai rabi kuma lakar ba ta bushe ba. Yaron ya ɗauko kujera ya zauna a bakin ƙofa yana ƙirga zuwanta, ya ce ya kai 14 kafin a kira shi.